Tasar Iya Sauda Ta Kamo Jidda

"...da gajiya, da zafin nan, amarya?"

"Amarya a gidan wa? Tun safe kake zirga-zirga a ƙofar ɗakina kamar kazar da za ta yi ƙwai, sai yanzu ka tuna ana gaisuwa?"

Gwadabe ya ƙara gyara durƙuso, yana murmushin mai neman alfarma. Shi mai gyaran wuta ne a wani kamfanin roba a Sharada, Iya Sauda kuwa kakarsa ce, wadda ta haifi babansa. Asabar ce, cikin shekarar 2009, ranar sunan ɗan da Rabi, autar Iya, ta haifa a Jidda. Rabon Rabi da gidan nan na Zawaciki tun da mijinta ya tafi da ita. To Gwadabe, da yake bakinsa yakan riga hankalinsa fita, ya cika baki gaban matan gida cewa bayan la'asar kowa zai ga Rabi da jaririnta a kwamfuta. Ya aro modem biyu wurin abokan aiki, ɗan abin nan mai kamar yatsa da ke kamo intanet. Ya ja wayoyi daga akwatin da ke raba intanet ɗin zuwa ɗakinsa da na ƙanwarsa Zulaihat. Ga azahar ta wuce, babu abin da ya kamo sai gumi.

"Shawara na kawo, Iya. Kamfani uku ke neman auren gidan nan, ɗaya za mu zaɓa."

"Faɗo halin kowa. Manema dai na san su tun kafin a haifi ubanka."

"Na farko ga arha, amma da an yi la'asar sai ya kwanta."

"Ɗan'uwanka ne. Wuce."

"Na biyu gudu kamar babur. Ma'aikacinsu ya zo jiya, ya ce sai an huda rufin ɗakinki an kafa dogon ƙarfe."

"Rufin da Malam ya yi da hannunsa? Ya je ya huda na gyatumarsa. Na ukun fa?"

"Shi ne mutumin kirki, sai dai kunya. Duk gidan nan ba inda yake magana sai a tagarki, nan ɗin ma raɗa yake yi."

"Ya san inda mutunci yake."

"Taimako yake so. In aka sa masa wani faffaɗan ƙarfe mai zurfi a baya, zai tattaro masa abin da ke cikin iska. Kamar yadda kike kafa tafin hannu a bayan kunne in maƙwabta na faɗa."

"Ni? Ja'iri! Ni da ko tarinsu ba na ji."

"Na gwada murfin tukunya, ya yi kaɗan. Faranti ba zurfi. Daron wanka kuma ya fi ƙarfin tagar." Sai ya ɗaga ido a hankali zuwa saman kabet.

"A'a. Na ce dai ruwa ba ya tsami banza. Sauke idonka tun muna shaida juna."

A can saman kabet ɗin wata tasa take, ta tagulla, wadda Iya ta zo da ita gidan aure. Ba a sauke ta sai ranar suna. Duk ɗan da aka haifa a zuriyar, a cikinta ake fara zuba tuwon sunansa, Iya da kanta take rabawa. Jiya da yamma Gwadabe ya hango ta tana goge tasar da toka da tsamiya, ta gama, ta daɗe tana kallonta, sannan ta mayar. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, shi ya sa yau ya ƙi haƙura.

"Ai ni ba roƙo na zo ba," in ji shi. "Kayan matata ne, nawa ne."

"Wane malamin ya ba ka wannan fatawar? Miji! Mijin da ko gishirin miya bai taɓa kawowa ba. Ina sadakina?"

"Na biya. Goro biyu ranar Sallah."

"Ɗaya sankara ta cinye rabinsa, ɗayan ka dawo ka ce in ɗan gutsura maka."

"Zaman aure ke nan, a ci tare."

"Kai, in faffaɗan abu kake nema, me ya hana ka tsaya a tagar ka kafa masa kunnuwanka? Da su har Makka za ka kamo, balle Jidda."

"Kunnen nan gado ne, Iya. Kowa ya san daga ɗakin nan aka ɗauko shi."

"Ƙarya kake! Ranar sunanka a tasar nan na zuba tuwo, mata suka leƙa fuskarka suka kasa ci. Sai almakashi wata ta tambaya, wai a rage maka."

"Ni kuwa na ji an ce har daga Challawa aka zo kallona."

"An zo kallo kam. Har da masu tambayar ko zomo aka haifa."

"To ki taimaki zomo. Na riga na cika baki, mata sun fara shimfiɗa tabarma."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na aike ka? Kuma ni ba wanda nake son gani. Wadda ta haye ruwa ta manta hanyar gida, ta zauna can da larabcinta."

Ta faɗa ne tana kallon bango, muryarta kuma ba ta fita daidai ba. Gwadabe ya san tsohuwarsa. Kewar Rabi ce ke cin ta, girman kai ya hana ta faɗa. Ya sassauta murya.

"Iya, yau me ake yi a Jidda?"

"Ka fi ni sani."

"Suna ake yi. Ɗan wa?"

Ta ci gaba da kallon bango.

"An taɓa yin suna a zuriyarki tasar nan tana saman kabet?"

"Tuwo ake zuba mata, ba yatsan bature ba."

"To tunda ba za ta iya kai musu tuwo ba, ki bar ta ta kawo miki su. Sunan dai nata ne."

Iya ta juya goron da ke bakinta. Can ta ce, "In ka huda ta, na huda kunnenka na sa masa igiya."

"Ba ƙusa ba guduma. Kara ɗaya da robar taya."

"Je ka wanke hannu. Da sabulu, ba irin wankanka ba."

Ita ta nuna masa inda zai kama, tana bin sa da "a hankali, ɗan nema" har ya jingina tasar a taga, bakinta na kallon wajen Sharada. Ya gicciya kara, ya ɗaure modem ɗin a tsakiya, ya haɗa wayoyi. Ya ɗan karkata ta dama, ya ɗan ɗaga. Sai ga ƴan sandunan da ke nuna ƙarfin intanet sun miƙe a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya. Daga can ɗaki Zulaihat ta ƙwala ihu, "Yaya, nawa ma ya kawo!"

"Wa ya ba ta?" in ji Iya. "Tasa tawa, taga tawa, a zuba wa yara kafin uwar gida ta sa hannu? Ba dole nawa ya ragu ba?"

"Wallahi a nan kin fi injiniya." Ya zare wayar Zulaihat da ta ɗakinsa, ya bar ta kwamfutar da ya ajiye a ɗakin Iya kaɗai.

Mata suka cika ɗakin. Fuska ta fito, ta buɗe baki, ta daskare a haka.

"Wannan Rabi ce? Me suka yi mata ta hangame baki?"

"Nisa ne, Iya, maganar tana hanya."

Hoton ya motsa. "Iya! Iya, kina ganina?"

Tsohuwar da ba ta son ganin kowa ta ture Gwadabe da gwiwar hannu har ya kusa zama cikin kwandon goro. "Ina ganinki, ƴar nan. Kin rame. Ba sa ba ki tuwo ne?"

Rabi tana dariya tana kuka ta ɗago jaririn. "Ga shi, Iya. Sunan Baba aka sa masa."

Malam Ya'u, mai gidan Iya, ya daɗe da rasuwa, kuma Iya ba ta taɓa kama sunansa ba, yanzu ma ba ta kama ba. Ta matso da fuskarta, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Malam, sannu da zuwa. An sha hanya."

Sai da ta ƙoshi da kallo ta share ido da bakin mayafi, ta juyo.

"Kai mai kunne, ka ji? Mai gidan ya dawo. Aurenmu ya ƙare, tattara komatsanka."

"Haka za a sallame ni hannu rabbana, bayan duk hidimar nan?"

"Tasar taka ce, na ba ka. Mai kunyar nan kuma shi na zaɓa, je ka shaida wa iyayensa. Amma a tagar nan za ta zauna, kuma ni ce mai rabo. Duk mai son waya a ɗakinsa ya zo ya gaishe ni tukuna."

"To ni me na samu ke nan?"

"Guga. Toka da tsamiya, duk Juma'a."

Gwadabe ya kama kunnuwansa biyu, yana dariya har da tari. "Na sallama, Iya. A gaida ango."