Yadda Na Dafa Wa Surukata Ƙwan Zabi Arba'in

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da daminar da na mai da kaina injiniya. Ni malamin firamare ne fa, amma bidiyo biyu na kalla a waya, na ɗauko tsohon firij na ce zan yi injin ƙyanƙyasar ƙwai. Da bakina na yi wa surukata, Hajiya, cika baki. Ita kuwa ta aiko da ƙwan zabinta arba'in daga ƙauye, waɗanda ta ƙi sayarwa don ta samu iri.

Abu ɗaya ya rage, tamostat, 'yar na'urar da ke kashe ƙwan lantarki idan zafi ya isa. Na nufi wani shago a Ƙofar Ƙaura.

"Malam, ta wutar gida kake so ko ta batir?" in ji mai shago. "Kuma zafin mi za ta tsare?"

Wallahi ban gane ba. Zafi ai zafi ne! Ya jera mini kala uku yana ta bayani, ni kuwa kaina ya ɗaure tamau, sai gyaɗa shi nake kamar ƙadangare. Na nuna mafi araha. Ya ce ta hitar ruwan wanka ce. Na ce, "Na sani mana." (Ban sani ba.)

Na haɗa, na murɗa ta zuwa tsakiya (a tunanina tsakiya ba ta cutarwa), na jera ƙwai na rufe. Kwana biyu ina zagaya firij ina mamakin me ya sa fitilar ba ta taɓa mutuwa. Matata Binta ta ce, "Anya gefen nan bai cika zafi ba?" Na ce ta bar wa masana.

Rana ta uku Hajiya ta zo ganin ikon Allah. Bayan doguwar gaisuwa na buɗe firij, wani turiri ya buso mana. Ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta yi saurin sauya hannu, ta ƙwanƙwasa shi a bango, ta ɓare. Fari fat, ya dahu har gwaiduwa.

Na durƙusa ina zufa, na rasa ko haƙuri zan bayar ko bayani. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Hajiya ba ta ko dube ni ba, ta juya wajen 'yarta.

"Binta, kawo yaji. A miƙa wa maƙwabta kada su lalace."

An ce araha ba ta ado, na yarda. Amma abin da na fi koya shi ne, in za ka gwada ilimin waya, gwada shi a kan ƙwanka, ba na surukarka ba.