Hular da Ta Hana Jirgi Tashi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunanina, da ranar da ni kaɗai na hana jirgin sama tashi, alhali ko yatsa ban ɗora masa ba.

Ni bakanike ne. Garejina yana nan Unguwar Kanawa, kuma duk direban da ya kwana biyu a yankin nan ya san hannuna, ya kuma san bakina. Ina da wata ɗabi'a tun ina saurayi: hulata ita ce akwatina. Irin mai naɗi ta ciki nake sawa. Da zarar hannu ya cika, ƙaramin noti ne, fis ɗin lantarkin mota ne, tsinken sakace ne, sai in cusa a naɗin in ci gaba da aiki. (Maiɗakina ta sha tsintar kusoshi a ruwan wanki, har ta gaji da magana.)

Babbar 'yata, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata gare ta, gyaran jirgin sama ta karanta. Tana aiki a wani ƙaramin kamfani can wajen Mando. Ni kuwa babu wanda ban cika wa baki ba cewa gado ta yi. "Inji ai inji ne," haka nake faɗa wa masu shan shayi a ƙofar gareji. "Fuka-fuki kawai aka ƙara masa."

Wata rana da yamma ta ce min, "Baba, ka sa ni a addu'a. Sufetoci za su zo duba kamfaninmu, kuma aikina za su tsaya a kai."

Ta yi min bayani. Duk shekarun nan ita ke gyara, amma wani ne ke sa hannu ya ce jirgi ya cancanci tashi. Shugabanta ya ce idan aka wanye lafiya da sufetocin, zai ba ta hatiminta, ta fara sa hannu da kanta. Abin da take nema ke nan tun tana makaranta. Kuma ba sufeton gida kaɗai ba ne, har da wani daga Ghana, domin ƙasashen yankinmu sun haɗa kai a kan ƙa'ida ɗaya. Jirgin da aka gyara a Kaduna zai ratsa sararin wasu ya sauka a garinsu, to dole su yarda da hannun da ya gyara shi.

Na ce zan zo in gani. Ta ce, "Baba, don Allah ba wannan makon ba."

Ina! Ai ni wannan makon nake so. Ranar na zuba farar shaddata ta Juma'a, na kafa hula, na hau babur sai Mando. Shugaban nata, Injiniya Garba, mutum ne mai kunya. Da ya ji cewa mahaifin Ummi ne a bakin ƙofa, ya kasa mayar da ni. Ya rataya min katin baƙi a wuya, ya nuna min wani layi ruwan ɗorawa da aka ja a ƙasa, ya ce, "Baba, nan ce iyakarka. Kallo kawai, ban da taɓawa."

Na ce, "Haba, Injiniya, ni za a gaya wa?"

Jama'a, da na shiga rumfar gyaran jiragen nan sai bakina ya mutu. Tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam wannan basira! Ga jirgi mai farfela biyu a tsaye, an buɗe masa inji ɗaya, wayoyi da bututai a jere kamar kitso. Daɓen wurin ya fi farantin da nake cin tuwo tsabta. Babu mai ihu, babu mai buga guduma. Na ga ana ɗaure noti da wata sifana mai awo, da ya kai inda ake so sai ta ce ƙyas, mai ɗaurewa ya tsaya. Mu kuwa a gareji sai mun ji jijiyar wuya ta miƙe muke cewa ya ɗauru. Na ga an cire wani bututu sabo fil an ajiye gefe. Na tambaya me ya same shi, aka ce lafiyarsa lau, wa'adinsa ne ya cika. (Saura kaɗan in ce a ba ni.) Ashe kowane ƙarfe a jikin jirgin nan an san inda aka ƙera shi, an san tsawon zamansa a sama, an san ranar da zai huta.

Ga kuma Ummi a kan tsani, hannunta cikin inji, manyan maza suna miƙa mata abin da ta nema. Yarinyar da na goya a tankin babur! Wallahi idona ya ciko.

To, akwatin kayan aikinta yana dab da layin nan, aljihunsa ɗaya a buɗe. An shimfiɗa soso a ciki, an yanke wa kowane ƙarfe gurbinsa daidai jikinsa. Can a ƙarshen jerin na hango wata 'yar sifana, ba ta wuce ƙaramin yatsana ba, tana ƙyalli. Ban taɓa ganin kyakkyawan ƙarfe irinta ba. Ƙafata dai ba ta ƙetare layi ba, wannan zan iya rantsuwa. Hannuna ne ya ƙetare.

Ina cikin juya ta ina santi, sai na ji an ce, "Ga mahaifin injiniyarmu nan." Na waiga, sai ga sufeton Ghana, dattijo mai farin gemu, Alhaji Bawa, ya miƙo hannu yana sallama da Hausarsu ta zango. Yaya za a yi in gaida irin wannan mutum da hannu ɗaya? Ban yi tunani ba, hannu ya yi abin da ya saba. Sifana ta shige naɗin hula, na rusuna na kama hannunsa da hannu biyu. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka gangara hirar goro da ta 'yan uwansa da ke Kano. Kafin mu gama, sifana ta fita daga kaina, duk da tana zaune a kansa.

Wajen hantsi Ummi ta gama, aka rufe inji. Matuƙi ya iso da jakarsa. Ta dawo ta duba akwatinta aljihu-aljihu, sai na ga ta tsaya cak. Ta ɗaga hannu ta ce, "A dakata. Sifana ɗaya ba ta gurbinta."

Kamar an ɗauke wuta. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Aka rufe ƙofar rumfa. Aka ce kowa ya zazzage aljihunsa, har sufetocin. Ni ne ma na fara, da alfahari: na fito da waya, da carbi, da makullin babur, na juya aljihuna waje. (Wa zai ce wa dattijo ya cire hula? Ita Ummi ko kallon kaina ba za ta iya yi ba a gaban mutane.)

Da ba a gani ba, sai ta ce a sake buɗe injin. Duk abin da ta ɗaure da safe aka bi ana kwancewa. Aka kawo tocila, da ƙaramin madubi mai doguwar sanda, da maganaɗisu. Wasu suka jeru suna bin daɓe a sunkuye. Sufetocin biyu suna tsaye suna kallo. Na ga gumi ya jiƙa bayan rigar Ummi, kuma na san abin da take gani: hatiminta ne ke tafiya.

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma bakin nan nawa!

Na ɗaga murya na ce, "Duk wanda ya ɗauki kayan yarinyar nan ya ji tsoron Allah! Akwai ranar hisabi!" Har da zare wa wani bawan Allah ido, don na ga yana yawan sosa ƙeya.

Na kuma kira ta gefe na rage murya. "Ummi, 'yar wannan abar? Ki sa hannu jirgi ya tafi, gobe in shiga kasuwa in samo miki irinta. Mu nan sau nawa muke mance sifana a cikin mota, mai ita ya dawo mana da ita?"

Ta dube ni, idonta ja. "Baba, mai mota yana da gefen titi. Idan tana cikin injin nan ta motsa a sama, a ina za su tsaya?"

Matuƙi ma ya matso yana duba agogo, ya ce mai jirgi sai kira yake yi. Ta ce masa, cikin ladabi, ko wa zai kira, jirgin nan ba zai motsa ba sai an ga sifana. Ban taɓa sanin haka 'yata take ba.

Aka kira azahar ba a gani ba. Injiniya Garba ya ce a je a yi salla a dawo. Muka jeru a bakin famfo, Alhaji Bawa a damana, Injiniya a haguna, wanda na zare wa ido yana bayana yana jiran buta. Na wanke fuska, na wanke hannu, na zo shafar kai. Na tuɓe hula.

Ƙililin!

Ta faɗo kan siminti, ta yi tsalle, ta gangara, ta je ta kwanta a gaban takalmin Alhaji Bawa.

Inna lillahi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ruwa na ɗiga daga gemuna, hula a hannu, sanƙona a rana. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Alhaji Bawa ya ɗauke ta, ya juya ta, ya ce a hankali, "Malam, ashe hisabin ya zo da wuri."

Bayan salla na nemi gafarar mai sosa ƙeya, sannan na lallaɓa wajen Ummi. Dole ta rubuta rahoton inda aka samu sifanar. Na ce, "Ummi, ki rufa min asiri. Ki ce a ƙasa aka tsinta. Ai ƙasan ta faɗo."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe ni. Idan na iya yin ƙarya dominka yau, gobe zan iya yi domin mai jirgi."

Haka ta rubuta: an same ta a hular baƙo, baƙon kuma mahaifinta ne, ita ce kuma ta bar akwati a buɗe kusa da layi. Ta ɗora wa kanta laifin da nawa ne, a ranar da ta fi bukatar a ga ba ta da laifi. Na koma kan benci na zauna, na tabbata na kashe wa 'yata aiki da hannuna.

Da la'asar Alhaji Bawa ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce barin akwati a buɗe kuskure ne, kuma ya rubuta shi, sai an gyara. "Amma ni ba na tsoron wurin da sifana ke ɓata," in ji shi. "Ina tsoron wurin da za ta ɓata jirgi ya tashi. Na ga an matsa mata ta ƙi, na ga kai ma ka matsa mata ta ƙi. Iyalina za su iya shiga jirgin da ta sa wa hannu."

Hatimin bai zo ranar ba. Sai da aka ƙara mata 'yan watanni ana lura da ita, kuma wannan jinkirin ni na jawo mata shi, har gobe yana ci min rai. Amma ya zo. Kamfanin kuma ya kafa sabuwar doka: duk baƙon da zai shiga rumfa, komai furfurarsa, sai ya tuɓe hula an duba. Ma'aikata suna kiranta dokar Baban Ummi.

Na daina cewa gado ta yi. Ni dai ban taɓa shiga jirgi ba, tsoro nake ji. Amma duk ranar da Allah ya kira ni Makka, roƙona ɗaya ne: a ce wanda ya duba jirgin irin Ummi ne, mutumin da ko ubansa ba zai rufa wa asiri ba. Hular kuwa, a gida zan bar ta.