Yaƙin Malam Dayyabu da Watan Afrilu

Da sunan Wanda ya halicci zafi da sanyi, ya jera su yadda ya so ba da shawarar kowa ba. Bayan haka, wannan tarihin Malam Dayyabu ne, ɗan Hambali wanda ya auna zurfin rijiyar kasuwa da rawaninsa har ya rasa rawanin, jikan Ilu wanda ya shekara bakwai yana gardama da limamin gari a kan ranar da damina ta faɗi, tattaɓa-kunnen Na-Ƙofa wanda bai taɓa tambayar hanya ba, bai kuma taɓa isa inda ya nufa ba. Gwarzon alli, dodon baƙin allo, tekun ilimi mai zurfin idon sawu! Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi a firamaren Tsamiyar Goje, da ya yi ritaya kuwa sai ya rasa wanda zai yi wa gyara, ya ɗaga kai ya dubi rana.

Musabbabin yaƙin kaji ne. A ƙarshen Fabrairu sadaukin ya sauke 'yan tsaki ɗari da ashirin, fararen nan na gidan gona, a wani ɗaki mai rufin kwano da ya gina a bayan gida. Yayarsa Tabawa, wadda ta shekara arba'in tana kiwon kaji a gidan da ke jikin nasa, ta leƙo ta katanga.

"Auta, ka sa a ɗora wa kwanon nan bunu kafin bazara ta kama. Farar kaza ba ta jure zafi."

Shekararsa sittin da shida, gemu fari fat, amma ita har gobe Auta take ce masa, abin da ke yi masa ciwo fiye da ciwon gwiwa.

"Bunu zai hau ranar da lissafi ya ba da izini, Yaya."

Sai ya shiga ɗaki ya fito da makamansa: rula, kamfas, kalkuleta mai tsagaggen gilashi, kwalin firiji da ya shimfiɗa ya zama fagen fama, da uban tafiya, wani tsohon littafin lissafin kusurwoyi da aka buga a ƙasar da ƙanƙara ke toshe wa mutane ƙofa. Littafin ya ce shekara da'ira ce, zafi kuma yana hawa yana sauka a kanta kamar igiyar ruwa, tudu ɗaya kwari ɗaya, layin da masana ke kira sain. Ya ce tsakanin ƙarshen sanyi da ƙololuwar zafi wata shida ne cif. Malam Dayyabu ya karanta, gashin jikinsa ya tashi. Da ma wata uku ke nan yana rataye ma'aunin zafi a jikin dalbejiya, yana dubawa kowace azahar, yana rubutawa. Yau ga rundunar lambobin nan ta sami sarki.

Ya raba da'ira gida ɗari uku da sittin. Kwanakin shekara suka zo ɗari uku da sittin da biyar, ya kori biyar ɗin ba tare da shari'a ba. Ya kafa tutarsa a sha biyar ga Janairu, inda ma'auni ya sauka digiri ashirin da tara, ya ƙirga wata shida, ya dasa ƙololuwa a sha biyar ga Yuli, digiri arba'in da ɗaya. Sannan ya ja layi, layi mai taushi mai lanƙwasa, wanda har ya ja da baya ya tsaya kallonsa da ƙwalla a ido. Afrilu ya faɗo a tsakiyar hawa, digiri talatin da biyar, zafin da jariri zai yi barci a cikinsa.

A babi na gaba fa littafin ya yi bayanin ƙasashen da shekararsu ke da tudu biyu, irin tamu da bazara ke ƙonawa, damina ta sanyaya, kaka ta sake ɗumamawa, ya ce a nan sai an ɗora layi na biyu a kan na farko. Shafi ɗaya ne tsakani. Malam bai juya shi ba, don tambarin nasara ya riga ya cika masa kunne.

Bayan la'asar ya kai kwalin majalisar dattawa ta ƙofar masallaci, ya shelanta cewa zafin bana sai Yuli. Mutanen nan, ka ji fa, kowannensu ya sha gumin Afrilu sittin ko fiye, amma da suka ga kalkuleta sai suka riƙa gyaɗa kai suna cewa, "Ilimi ke nan." Da labarin ya kai gida, Tabawa kaɗai ta yi tawaye.

"Watan bakwai? Auta, a watan bakwai aka haife ka, ana tsuga ruwa, Inna har wuta ta sa aka hura mata."

"Wannan labari ne, Yaya. Ni hujja gare ni."

Ranar sha ɗaya ga Afrilu maƙiyi ya iso ba sallama. Tun hantsi kwano ya fara ƙara, iska ta tsaya cik, ƙadangaru suka bar katanga. Da azahar ma'auni ya nuna arba'in da biyu. Jarumin ya ƙwanƙwasa shi, ya zarge shi da cin amana, ya ɗauke shi ya rataye a gindin randa, inda ya tuba ya sauko talatin da bakwai. Malam ya yi hamdala. Kajin dai ba a sanar da su wannan sulhu ba. Sun yi nauyi, sun cika ɗaki, suka baje fukafukai, suka wangale baki suna haki. Ta farko ta kife. Ta biyu ta bi ta.

Nan fa gwarzo ya zabura, ya tsaya tsakar gida ba hula, ya nuna rana da rula, ya yi kururuwar da tarihi ba zai manta ba: "Ba yanzu ba ne! Saura wata uku!"

Rana ta ƙara wuta. Ya ruga da bokiti, ya zame, ya tashi, ya dawo da buta, ya rasa mahuci, ya fizgo kwalin nan mai alfarma ya shiga yi wa rundunar kajin fifita da hannu biyu, Janairu na sama Yuli na ƙasa. Sai ga Tabawa da maƙwabta mata biyu, ɗauke da zana da jiƙaƙƙun buhuna, suna cilla su kan kwano da gora.

"Yaya, bisa ƙa'ida ai bai kamata..."

"Wuƙa, Auta! Kawo wuƙa kafin su zama mushe!"

Takobi ɗaya da aka zare a wannan yaƙi ke nan, kuma a wuyan dakarunsa ya sauka. Arba'in da bakwai aka yanka kafin inuwar zana ta ceci saura. Kwana uku unguwa na cin kaza, dattawan majalisa suna suɗe yatsa suna cewa da ma su sun san Afrilu.

Amma sadauki bai miƙa wuya ba, ya jira ranarsa. Sha biyar ga Yuli da azahar ya fito da ma'auni don ya kunyata masu shakka, hadari ya taso daga gabas, ya tsaya a cikin ruwa yana jiran arba'in da ɗaya har ya ga ashirin da shida. Washegari Tabawa ta same shi a ƙudundune cikin bargo yana atishawa, ta ajiye masa kunu mai citta.

"Lissafin bai yi kuskure ba, Yaya. Shekarar ce ta zo a karkace."

"To, Allah ya miƙe ta. Sha, Auta, kafin ya huce."

Kwalin kuwa yana nan, ba a yar ba. Tabawa ta shimfiɗa shi a akurkin kajinta na gida, kuma masu lura sun tabbatar cewa daidai kan ƙololuwar Yuli suka fi son yin kashi.