Ƙwanƙwasa Daga Bayan Mota

Ba zan taɓa mantawa da motata mai ɗaki a ciki ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Na saye ta ne ba da jimawa ba bayan an yanke Jihar Kebbi, lokacin da aka kwaso mu ma'aikata daga Sakkwato kowa yana jin shi ma an ƙara masa girma. Wasu Turawa ne suka ƙetaro hamada da ita, suka gaji, suka sayar. Tana da gado, da risho, da ɗan famfo, da firij mai aiki da gas, injinta kuma a baya yake, ƙarƙashin gadon. Suka haɗa mini da wani littafin gyara mai hotuna, wanda na karanta rabinsa na ɗauki kaina bakanike.

Ranar da na shigo gida Yelwa da ita, har masu kifi sai da suka bar tirensu suka zo kallo. Ni kuwa na tsaya ina bayani kamar ni na ƙera ta. Na cika firij ɗin da giwan ruwa, na ce wa Inna daga yau an daina wahalar banda. Bayan kwana biyu muka buɗe, ƙudajen unguwa kaf suka zo gaisuwa. (Ashe sai motar ta tsaya daidai firij ɗin ke sanyi, ni kuma na ajiye ta a gangare. Bayanin yana cikin rabin littafin da ban karanta ba.) Mai hankali da ya ɗauki darasi daga nan.

A lokacin Baba ya yi wata bakwai a kwance. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta ɗauke, sai ido da hannun hagu. Masunci ne tun tashinsa, kuma ƙauyen da aka haife shi yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi a Kainji. Can iyayensa suke kwance, can kuma yayana da ya rasu yana jinjiri. A kan hanyar Wara akwai wani wuri da hanya ke matsowa kusa da tafki, daga nan ana hango daidai inda ƙauyen yake. Baba bai taɓa wuce wurin ba sai ya sauka ya yi musu addu'a.

Yayata Hajo da ke aure a wajen Wara ta aiko a kawo shi wurin wani mai magani. Nan take na ce ga mota mai gado, wa zai wahalar da tsoho a motar haya? Muka kwantar da shi a baya, na ja labule don rana. Inna ba ta iya doguwar tafiya saboda ƙafa, sai ta riƙe ƙofar motar ta ce mini:

"In kunka kai wurin nan, ka tsaya mishi ya ga ruwa. Ka ji ko? Tun da munka ce za a tahi, idonai bai bar ƙohwa ba."

Na ce, "To, Inna," ina goge madubi. Ta ce in ɗauki wani ya zauna kusa da shi, na ce ba buƙata, ai gadon Turawa ne.

Mun bar kwalta mun hau jar hanya, ina tuƙi ina jin daɗin kaina, sai na ji wani abu daga baya: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya yi shiru. Ya sake: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na zuciyata murna ya yi, don ga ranar littafi ta zo. Na fara zargin firij, tunda dama muna da tsohuwar gaba. Na miƙa hannu na danne murfin risho, ƙara ba ta daina ba. Sai na tuna littafin ya ce a taka totur a saurara, in ƙarar ta ƙaru da gudu, to daga inji take. Na taka. Ai kuwa sai ta ƙaru, ta koma ba ƙaƙƙautawa, kamar ana buga ƙofa da gaggawa. Na gyaɗa kai ni kaɗai, na ce na gano ta.

Na san ruwa ya gifta ta damata a lokacin, don na ga ƙyallinsa ta wutsiyar ido. Kunnena da hankalina duk suna ga inji. Na ce a raina kada in tsaya a daji, gara in lallaɓa zuwa inda mutane suke. Can gaba ƙarar ta yi rauni, ta koma ɗaya-ɗaya, sannan ta daina.

Na tsaya a wani ƙauye da ke cin kasuwa. Da yake sai an ɗaga gado ake kai wa ga inji, na roƙi mutane muka sauko da Baba, muka kwantar da shi a kan wani benci a inuwar mangwaro. Ko fuskarsa ban tsaya na duba ba. Na shimfiɗa sifanu a kan buhu, na buɗe littafi, jama'a suka kewaye ni. Na zare fulogi huɗu da wayoyinsu, na ɗaga kowanne sama ina hura masa iska. Na kwance kafireto ina yi wa mutane bayanin yadda mai ke haɗuwa da iska (mutanen da suka shekara suna gyara injin jirgi da hannunsu). Wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya suɓuce mini ya faɗa cikin yashi, na yi kamar ban gani ba.

Ina cikin haka sai na ji ta a bayana: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Inji a kashe, hanjinsa a kan buhu.

Na juya. Wani dattijo mai saƙar tarun kamun kifi yana tsugune kusa da benci, yana riƙe da kafaɗar Baba. Hannun hagun Baba kuwa yana kan katakon, zoben azurfarsa yana sauka a kai sau uku, ya huta, ya sake. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, wanga tsoho mahaihinka na?"

Na ce, "E, Baba."

"Masunci na ko?"

Na ce e.

"To ai magana shikai maka. Mai jihwan ragar birgi in yana gaban jirgi ba ya buɗa baki, sai ya bugi katako, na baya ya aje filafili. Cewa shikai a tsaya. Kai ba ka taɓa tuƙa mishi jirgi ba?"

Na tuƙa. Tun ina ɗan shekara bakwai nake zama a bayan jirginsa, kuma da wannan zoben yake tsayar da ni, bugu uku, har ranar da aka kai ni makarantar kwana. Na tsaya da fulogi a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu, a gaban kasuwa guda. Da dariya suka yi mini da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Wata mai tuyan ƙosai ta ce, "Wayyo, bawan Allah," ban san ni take nufi ko shi ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu za mu koma." Ya dube ni, ya lumshe ido. Na ruga na hau mayar da kaya, sai na tarar ban san wace waya ke shiga wane fulogi ba. Wani mai gyaran injin jirgi ya jera mini su cikin minti kaɗan, amma ƙarfen da ya faɗa yashi ya tafi ke nan. Mutane har da rariya suka tankaɗe wurin, ba a same shi ba. Motar da ta zo da ƙafarta lafiya lau ta ƙi tashi.

Da la'asar wata a-kori-kura mai ɗaukar kifi ta ƙarasa da mu gidan Yaya Hajo, gaba ba baya ba. Washegari zazzaɓi ya rufe Baba, ba halin a motsa shi. Kullum ina zuwa kansa in ce, "Baba, an aika Kwantagora a kawo ƙarfen, da ka ji sauƙi za mu je." Hannunsa yana kan tabarma, bai ƙara bugawa ba. Ya rasu ranar kwana na tara. Ƙarfen ya iso ranar sadakar uku, a cikin ƙullin leda, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Da na koma Yelwa, bayan an gama karɓar gaisuwa, Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ya dai ga ruwan ko?" Na daɗe ina kallon ƙasa. Ta ce, "Shi ke nan, tashi ka tahi." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini.

Motar tana nan a bayan gida, kaji na ƙwai a cikin firij ɗin, wanda sai yanzu ya sami aikin da ya iya. Zoben yana hannuna. Duk lokacin da na bi hanyar Wara nakan sauka a wurin nan in yi addu'a, da tasa da tawa. Har yau abokai na kirana in saurara musu ƙarar mota, wai ina da kunne. Nakan je, amma kafin in taɓa sifana sai na leƙa kujerar baya na tambayi wanda ke zaune ko lafiya.