Yadda Ake Kare Makahon Maƙeri a Gidan Sinima

A ranar Asabar, tara ga watan Maris na shekarar 2024, da ƙarfe biyu da minti goma na rana, na shiga gidan sinima a karo na huɗu a rayuwata. Zauren yana da kujeru ɗari da tamanin da shida, domin na ƙirga su kafin a kashe wuta. Mutum ɗari da arba'in da ɗaya ne suka zauna a kansu, kuma kafin ƙarfe huɗu da rabi babu ko ɗaya a cikinsu da bai san muryata ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihi, ban taɓa samun aji mai girman wannan ba.

Saboda haka ina da hurumin rubuta wannan jagora. Idan kai ma kana da littafin da kake ƙauna, aka wayi gari masu fim sun sa masa hannu, bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Na lamunce maka sakamako. In ka gama ba ka ji kunya ba, to ka tsallake wani ne.

Mataki na ɗaya: Tanadi abin da za ka iya rasawa

Wanda ba shi da abin ɓatawa ba ya bukatar jagora. Ni nawa 'yata ce, Auta, likita a wani gari mai nisa. Shekara biyu da wata huɗu ba ta taka gidana ba. Dalili kuwa shi ne, wata rana muna cin abinci tare da iyayen mijinta, sai mijin nata, surukina injiniya, ya faɗi shekarar da jirgin ƙasa ya fara zuwa garinsu, ya kuskure da shekara ɗaya. Na gyara masa. Ya ce, "Baba, ina ganin kamar..." Sai na tashi na ɗauko littattafai uku na jera masa a gefen faranti. Ni ne da gaskiya, wannan ba a musu. Amma tun daga ranar, in Auta ta kira waya uwarta take nema, ni kuwa sai dai a ce "a gaida Baba".

Kwatsam ran Alhamis sai ga ta, ta ce kwana huɗu za ta yi, ta ajiye tikiti biyu a kan teburina. An mayar da littafinmu fim.

Littafin almara ne, juzu'i uku, shafi dubu da ɗari da talatin, na saye shi a 1989. Labarin wata yarinya ne mai fitila da ta ƙetare gadoji bakwai don ta dawo da teku garin da ya yi fushi ya bari, tare da wani makahon maƙeri da ke ƙera mabuɗai da tsawa. A 1991 Auta tana da shekara bakwai ta kwanta ciwo mako biyar, na karanta mata shi kaf a bakin gado. Daga baya na karanta wa 'ya'yan 'yan'uwa da jikoki. Jimilla sau goma sha ɗaya.

Mataki na biyu: Yi alkawari da zuciya ɗaya

Za a gindaya maka sharaɗi. Karɓe shi da fara'a.

Auta ta ce, "Baba, magana ɗaya ce. Ba gyara. Ko sun sa wa doki ƙaho, ka yi shiru."

Na ce, "Haba Auta, ni yaro ne?"

Mai ɗakina tana ninke wanki, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ai da yaro ne da an huta, Malam. Alawa ɗaya ta isa."

Za mu fita sai ta tare ni a bakin ƙofa, ta zare juzu'i na uku daga aljihuna kamar mai karɓe wuƙa a hannun mashayi. Kada ka yi gardama a wannan gaɓa. Mai hikima yakan ba da littafi ya tsira da fensir da ɗan kundi a ɗaya aljihun.

Mataki na uku: Zauna a tsakiyar layi

Mai zama a gefe ana iya fitar da shi ba tare da an tashi kowa ba. Kai ka tabbata akwai aƙalla mutum tara a damanka, tara a hagunka.

Mataki na huɗu: Fara da ƙananan makamai

Alkawarinka na rashin magana ne, bai shafi tsaki ba. Bai kuma shafi gyaran murya da doguwar ajiyar zuciya ba. Wannan fatawa tawa ce, kuma na yi aiki da ita tun minti na shida, lokacin da na ga fitilar yarinyar ta zinariya ce, alhali marubucin ya faɗa sau uku cewa ta yumɓu ce. Gadoji bakwai suka mayar biyar. Maƙerin da ya shekara sittin a bakin wuta suka ba shi haƙora irin na masu tallan man goge baki. Na rubuta kurakurai ashirin da bakwai a cikin duhu. Da na duba daga baya na tarar duk a layi ɗaya na rubuta su, wani a kan wani.

Duk tsakin da na ja, sai Auta ta miƙo mini gugguru. Na fahimci manufarta. Na ci abin da ban ci ba a shekara goma.

A nan dole in gargaɗe ka game da wani haɗari. Akwai wurin da masu fim za su yi daidai. A gada ta biyu, da yarinyar ta fara jin ƙanshin teku daga nesa, suka yi shi yadda na daɗe ina ganinsa a raina, har ya fi. Sai na ji Auta ta saƙalo hannunta a nawa, ta ɗora kai a kafaɗata, mace mai shekara arba'in da 'ya'ya uku. Ta ce a hankali, "Baba, ka tuna muryar da kake yi wa maƙerin?" Mutum mai hankali a nan zai mayar da fensir aljihu, ya gode wa Allah. Kai kada ka yi haka, jagorar ba ta masu hankali ba ce.

Mataki na biyar: Miƙe tsaye

A gadar ƙarshe maƙerin ya riƙe sarƙa har yarinyar ta haye, sannan sarƙar ta tsinke da shi. Na jira masunta su zo da taru. Ba su zo ba. Kiɗa ya yi sanyi, yarinyar ta durƙusa tana kuka, wata baiwar Allah a gabana ta fara jan majina.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, da muryar da nake kiran ɗaliban bayan aji, "Ƙarya ne! Bai mutu ba!"

Wani daga baya ya ce, "Tsoho, ɗan'uwanka ne?"

Wani ya ce, "A zauna mana, kanka ya rufe teku!"

Baiwar Allahn nan ta juyo da hawayenta ta ce, "Baba, sai haƙuri, duk mai rai mamaci ne."

Auta ta ja gefen rigata. "Baba. Don Allah. Ka yi alkawari."

Ma'aikacin sinima, wani magidanci mai tocila, ya tsaya a ƙarshen layi ya kasa isowa, albarkacin mataki na uku. Ya ce, "Ranka ya daɗe, fim ne fa."

Na ce, "Na san fim ne, shi ya sa nake magana. Juzu'i na uku, babi na goma sha tara! Ya faɗa tarun masunta, suka fito da shi, ya auri wata bazawara mai sayar da gishiri, suka haifi 'ya'ya tara. Wannan kisan kai ne aka yi da rana tsaka!"

Wata budurwa mai tabarau ta ce cikin ladabi, "Baba, wane bugu ka karanta?"

Na ce, "Bugun farko, 'yata, tun iyayenki ba su haɗu ba."

Aka yi dariya, wasu har da tafi. Lura da kyau: a irin wannan wuri tafi ba yabo ba ne.

Mataki na shida: Kada ka dubi kujerar da ke kusa da kai sai ka gama

Da na duba, babu kowa a kanta sai kwalin gugguru. Na tarar da Auta a mota, hannunta a kan sitiyari. Minti ashirin da biyu muka yi a hanya, fanka kaɗai ke magana. Da muka shiga gida ta ce wa uwarta, "Mama, gobe da safe zan koma." Litinin ce ranar tafiyarta.

Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ka sake?"

Na ce, "Zan kawo hujja."

Ta ce, "Ai ita ce ta kore ta wancan karon."

Mataki na bakwai: Kawo hujjar duk da haka

Na shiga ɗakin karatu na ɗauko juzu'i na uku. Babi na goma sha tara, shafi na 387: maƙeri yana riƙe da sarƙa. Na juya. Shafi na 390: yarinyar ta isa gari. Shafukan tsakiya manne suke da juna. Na san da wannan mannewa tun da daɗewa, kuma shekara da shekaru ina ɗora wa damina laifi. Ban taɓa damuwa ba, tun da na haddace wurin.

Na kai littafin kicin na kara shi a tururin buta, na sa wuƙar buɗe wasiƙa a hankali. Ba damina ba ce, gam ne. Ga sarƙar ta tsinke, ga maƙerin ya tafi, cikin layi goma sha ɗaya, babu masunci ko ɗaya, babu gishiri. A gefen shafin, da fensir, da rubutun da ba zan iya musun nawa ba ne: "Kada a karanta mata wannan. Zazzaɓi bai sauka ba. 4 ga Agusta, 1991."

Ko ƙarya zan yi, ashe sai na sa mata kwanan wata.

Na zauna a kan kujerar kicin. Na tuna ranar, da yadda likita ya ƙi haɗa ido da ni, da yadda ta tambaye ni da busasshen leɓe, "Baba, zai mutu?" Ni na ƙirƙiro masunta. Bazawarar ma ni na aurar da ita. 'Ya'yan da farko uku ne, jikoki suka yi ta neman ƙari har suka kai tara. Duk inda marubucin ya ce mutanen gari sun yi kewar maƙeri, ni na ɗauka kewar wanda ya yi aure ya daina zumunci ce. Shekara talatin da huɗu ina gargaɗin ɗalibai cewa ruwayar da aka maimaita sau ashirin takan kori takarda daga gidanta. Ban taɓa ba su misali mai kyau kamar wannan ba.

Mataki na takwas: Ƙwanƙwasa ƙofa

Wannan ne mafi wuya, kuma ban ƙware a kansa ba, sau ɗaya na taɓa yi.

Auta tana zuba kaya a jaka. Na miƙa mata littafin a buɗe. Na ce, "Auta, masu fim ne da gaskiya. Na yi kuskure." Kalmomin sun fito kamar haƙorin da aka cire ba allura.

Ta dubi rubutun fensirin nan ta daɗe. Sannan ta ce, "Mutuwarsa kam na sani, Baba. Ina da shekara sha biyar na aro littafin a laburaren makaranta. Kwana biyu ina kuka a ɗakin kwana, 'yan ɗakinmu suka ɗauka rasuwa aka yi mana."

"Shekara ashirin da biyar ke nan," na ce, domin ba na iya ganin lissafi in bar shi. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa maka me? Kana zaune da jikokinka kana raɗa wa 'ya'yan maƙeri suna? Na ɗauka yau in ka gani za ka tuna, mu yi dariya a mota." Ta shafa gefen shafin da yatsa. "Wannan rubutun ne ban sani ba."

Mai ɗakina tana jingine da ƙofa ta ce, "Ni na kawo masa gam ɗin. Ni ma ban taɓa jera masa littafi uku a gefen faranti ba."

Na karɓi littafin na rufe shi. Sannan na ce wa Auta ta kira mini mijinta. Da ya ɗauka na ce, "Injiniya, shekarar da na faɗa daidai ce." Mata biyu suka zuba mini ido. Na ce, "Amma littattafan nan uku ba su da dalili. Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Baba, ai ya wuce," da muryar wanda bai wuce masa ba sai yanzu.

Togaciya

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya bi don kansa. Ba ni da alhakin abin da za a faɗa masa daga layin baya, ko shirun da za a yi masa a mota. Musamman ba na lamunce masa mataki na takwas, domin ba kowa ne zai tarar da fensir a gefen shafinsa ba, kuma ba kowace 'ya ce za ta tsaya ta karanta ba. Kurakurai ashirin da bakwai ɗin kuwa suna nan, ban janye ko ɗaya ba. Fitilar ta yumɓu ce.

Auta ba ta tafi Lahadi ba, ba ta tafi Litinin ba. Laraba ta tafi, sha uku ga wata. Ranar ashirin ga Afrilu suka dawo tare da mijinta da yara. A kan abinci injiniya ya faɗi shekaru biyu na tarihi. Ɗaya daga ciki daidai ce. Na ci abincina.