Kuka a Bakin Rijiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan tsufa in manta sunana, da ranar da na sa ƙauye guda kuka a bangon ɗakin kakata.

Ni haifaffen unguwar Kilomita Biyar ne, nan Bangui, kuma sana'ata zanen allunan shaguna a titin Koudoukou: kan aski, kaza, tayar mashin. Sango ya fi zama a bakina, amma a lokacin ji nake Hausata ta kai ta kawo (ban san wa ya gaya mini ba).

Kaka kuwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Damagaram. Tun tana budurwar amarya ta biyo kakanmu fatauci, ba ta sake komawa ba. A shekarar da abin nan ya faru ne yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce ganin raguwa zai yi ta yi. Wata rana ta kira ni.

"Kai mijin banza, kullum kana zana kajin mutane. Zana mini garinmu in gani kafin idon nan ya tafi."

Na ce, "An gama, amarya. Me da me ke garin?"

Ta lissafa rumbuna, gonaki, hanyar shanu. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Amma abin da na fi tunawa shi ne kuka a bakin rijiya. In babu kuka, ba garinmu ba ne."

Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, wayyo, ranar da ta baro gida take nufi, mata sun taru suna kukan rabuwa. Ban yi tambaya ba, don mai fasaha irina da kansa yake gane abu.

Tunda ban taɓa ganin ƙauyen ba, sai na hau moto, wato mashin ɗin haya, na fita bayan gari ta hanyar Damara, na sauka na bi ƙafa da fensir da takardu. Na zana gonar rogo, na zana hanya mai jar ƙasa, na zauna gindin mangwaro na kwafi yadda inuwa ke kwanciya. A bakin wani rafi na tarar da mata suna jiƙa rogo. Ɗaya ta leƙo ta ce, "Mo yeke sara nyen?" wato me nake yi. Da na nuna mata, ta yi dariya ta ce na ƙara mata hanci. Na dawo da ƙaiƙayi a ƙafa da tarin zane.

A shago na baje su a ƙasa, na ɗauko hanya daga wannan, gajimare daga wancan, na mai da rafin rijiya. Matan rogon nan kuwa na ɗora musu hannu a ka, na zuba musu hawaye da farin fenti, manya-manya, don Kaka ta iya gani. Har akuyar da ke gefe sai da na sunkuyar mata da kai.

Da na kai mata a ɓoye, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai na jira ranar sunan ɗiyar yayata, gida cike da mata, na shigo da allon a lulluɓe da zane kamar mai kawo lefe. Na jingina shi a bango, na yaye.

Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta bi shi da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Can ta juyo a tsorace.

"Innalillahi! Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Kukan da kika ce ne, a bakin rijiya."

Wata baƙuwa, matar wani ɗan kasuwa da ba su daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, ita ta fara fashewa. "Kuka, ɗan nan! Itace! Wadda ake miya da ganyenta!"

Jama'a, tun ina yaro nake shan miyar kuka, amma ban taɓa kawowa a raina cewa tana da uwa a tsaye ba. A Bangui ban taɓa ganin itacen ba, a leda na san ta. Mata suka yi ta dariya har mai jego ta riƙe ciki tana roƙon a bari. Yayata ta fassara wa maƙwabta da Sango, aka sake sabon zagaye. Kunyar ba ta dame ni kamar yadda na ga Kaka ta koma ta zauna, ita kaɗai ba ta dariya ba. Garinta ta roƙa, na kawo mata zaman makoki.

Washegari na dawo da fenti da buroshi, na nuna mata hotunan kuka a waya. Ta ture. "Wannan ba tamu ba ce. Tamu tana da kogo, kuma ta karkata wajen gabas." Ta ɗaga hannunta ta baza yatsu, ta ce haka rassan suke. Hannun nata na zana, da jijiyoyinsa, ya zama itacen. Ta sa na rage kore, na kashe mangwaron, na mai da jar ƙasa rairayi. Na shiga goge matan ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan mai dogon hancin nan.

"Bar wannan," in ji Kaka. "Haka Innata ta tsaya ranar da na taho."

Yanzu idon ya tafi, allon yana nan saman gadonta, duk wanda ya shigo sai ta sa shi ya faɗa mata abin da yake gani. Ni kuma unguwa ta raɗa mini Mai Kuka. Tun daga ranar, ko kaza aka ce in zana, sai na tambaya: mai rai ko gasasshiya?