Ma'aikacin Zaman Benci

Wani ne ya daɗe ba shi da aiki, har bencin ƙofar gidansu ya lotsa daidai inda yake zama. Matarsa ta gaji, ta ce masa, "Baban yara, ka samo aiki, ko in kwashe 'ya'yana mu koma gidan Yaya."

Ana nan sai ga wasu masu bincike daga jami'a, wai suna nazarin rashin aikin yi. Suka tara zauna-gari-banzan layin, aka yi ƙuri'a aka raba su biyu. Rabi za a koya musu walda da ɗinki. Rabi kuma a bar su yadda suke, daga baya a gwada a ga wa ya fi samun aiki. Mutuminku ya faɗa cikin waɗanda za a bari.

Ya ce wa shugabarsu, wata mai tabarau, "Malama, ni me zan yi?"

Ta ce, "Ba komai. Ka ci gaba yadda kake. Da kai za mu auna su."

"Da ni?"

"Da kai. In babu irinku, babu binciken."

Wayyo daɗi! Ya ruga gida, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana ihu, "Maman yara, jami'a ta ɗauke ni!"

"Aikin me?"

"Ma'auni ne ni."

"Albashi fa?"

"Haba, daga fara aiki sai maganar albashi? Ai sai a ce ba ni da tarbiyya."

Daga ranar mutum ya zama ma'aikaci. Da sassafe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya yi wa iyali sallama, ya taka zuwa benci ya harɗe. In matar ta ce ya ɗebo ruwa, sai ya ce, "Ina bakin aiki." Ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya yi shawara kafin ya kore shi, kada lissafin jami'a ya karkace.

Yayan matar ya zo da albishir. "Na samo maka tsaron shagon siminti. Gobe ka fara."

Ya ce, "Yaya, na gode, amma aiki biyu cin amana ne. Tattalin arzikin ƙasa a wuyana yake."

Wani mai gidan burodi ya aiko yana neman direba. Mutuminku ya shige bayan ƙofa, ya ce a ce ya tafi taro.

Ranar da mai tabarau ta dawo, ta tarar da matar a ƙofar gida, akwati a ka, yara riƙe da zaninta. Shi kuwa yana kan benci, ƙirji a gaba.

Ta ce, "Malam, ka samu aiki?"

Ya yi murmushi. "Ya zo, na kore shi. Ya sake zuwa, na ɓuya. Ai ba zan ba ki kunya ba."

Malama ta cire tabarau, ta dafe kai. "Inna lillahi! Ai so muke mu ga ko za ka samu da kanka! Ka ɓata mana binciken. Dole mu cire ka."

Ya miƙe zumbur, karo na farko a lokacin aiki. "Cirewa? Ba gargaɗi, ba komai? Ko lattin minti ɗaya ban taɓa yi ba! Maman yara, ki gaya mata!"

Matar ta gyara akwatin a kanta, ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Sannu, Baban yara. Zaman banzan ma korar ka aka yi?"